Tarihin Haƙar Zinare Mai Zurfi a Witwatersrand

Witwatersrand yanki ne na tuddai a Afirka ta Kudu, inda ramukan haƙar zinare mafi zurfi a duniya suke. An gano zinaren a 1886 a gonar Langlaagte, kuma a sanadinsa aka kafa birnin Johannesburg.

Da farko kusa da doron ƙasa ake kwasarsa. Sai dai shimfiɗar dutsen da ke ɗauke da shi siririya ce, kuma ta karkata kudu tana nutsewa, don haka duk mai son zinaren dole ya bi ta ƙasa. Wajen 1890 masu haƙa suka tarar da dutsen da zaiba ba ta iya tsamo zinarensa, harkar ta kusa durƙushewa. Abin da ya ceto ta shi ne dabarar tacewa da sinadarin sayanayid, wadda MacArthur da 'yan'uwa Forrest suka ƙirƙiro a Glasgow. Daga nan manyan kamfanoni irin su Rand Mines, wanda aka kafa a 1893, suka sayi filaye a kudu, suka riƙa huda ramuka a tsaye don su tare shimfiɗar a can ƙasa.

A 1957 aka fara aikin mahaƙar Western Deep Levels kusa da Carletonville. Daga cikin ramukanta, na TauTona ya kai kilomita 3.9 a 2008, na Mponeng kuwa ya kai kimanin kilomita 4. A wannan zurfin zafin dutse yakan kai digiri 60, shi ya sa ake haɗa ƙanƙara a sama ana tura ta ƙasa don sanyaya iska. A wasu wuraren tsayin rufin ramin bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, a durƙushe lebura ke riƙe da injin huda dutse. Nauyin ƙasa kuma yakan sa dutse ya fashe ba zato.

Yawancin leburorin baƙaƙen fata ne 'yan ci-rani, da dama daga Mozambik da Lesotho, kuma su suka sha wuyar aikin. Ƙurar dutse ta lalata huhun dubbai, har a 2018 kamfanoni suka amince su biya diyyar rand biliyan 5. A 1995 mutum 104 suka mutu a mahaƙar Vaal Reefs, lokacin da kan jirgin ƙasa na cikin rami ya faɗa kan kejin da ke ɗauke da su.

A 1970 Afirka ta Kudu ta haƙo kimanin tan 1,000 na zinare. Tun daga nan abin ke raguwa, domin ƙarin zurfi ƙarin tsada ne. A 2020 kamfanin AngloGold Ashanti ya sayar wa kamfanin Harmony da ramin Mponeng.