Daga Majigi Zuwa Fuskar Waya

Kafin wutar lantarki ta isa yawancin garuruwan Arewa, hoto mai motsi ya riga ta zuwa, kuma motar majigi ce ta kawo shi. Takan iso da la'asar ta tsaya a ƙofar gidan hakimi, a kafa farin allo, a tayar da inji. Da dare ya yi sai gari ya hallara, yara a gaba zaune a ƙasa, manya a baya.

Tushen abin yana Legas. A ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya na Turawan mulki, William Sellers, ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Da aka kafa sashen shirya wa ƙasashen da Ingila ke mulka finafinai a 1939, shi aka ba jagoranci. Ra'ayinsa shi ne idon baƙar fata bai iya karanta hoto ba, don haka ya ce a riƙa ɗaukar komai sannu a hankali, ba dabarar kyamara, ba tsalle daga wuri zuwa wuri. Wannan raini ne tsagwaronsa, kuma mutanen da suka cika silimar Rex ta Kano, wadda aka buɗe a 1937, sun isa shaida a kansa.

Amma wanda ya fi kowa iko a filin majigi shi ne tafinta. Yana tsaye da lasifika, hoto na tafiya, shi kuma yana ɗora masa bayani da Hausa: ga yadda ake shuka auduga, ga amfanin lamba, ga Sarauniyar Ingila, daga baya kuma ga Sardauna. Ido na ganin abu, murya na gaya masa abin da ya gani. Aikin da tafinta ke yi da baki shi ne wayar hannu ke yi yau da hoto, sa'ad da take ɗora zane a kan abin da kyamara ta hango.

Malamai sun daɗe da sanin cewa ido ba alƙali ba ne mai cin gashin kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin inuwa da ido ke gani kamar a tsaye take alhali tafiya take yi. Kafinsa Ibnul Haisam ya bayyana a Kitabul Manazir cewa gani ba ya cika sai hankali ya auna ya yanke hukunci. Shakkar da wasu Kanawa suka nuna wa silima ba ta rasa nasaba da irin wannan taka-tsantsan, musamman bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka 331, wadda da yawa suka ɗauka ishara ce.

A Kuchigoro, tsohon ƙauyen Gbagyi da ke bakin hanyar filin jirgin sama na Abuja, inda 'yan gudun hijira daga Gwoza suka sami mafaka tun 2014, allon ya koma tafin hannu. A gidan kallon ƙwallo ana ja wa fili layin satar gida da babu shi a kan ciyawa, a yi ta musu a kansa. Tun da Snapchat ya fito da kwalliyar fuska a 2015, TikTok ya bi sahu, budurwa kan ɗaga waya ta ga kanta da siririn hanci da fata mai haske.

Nan ne abin ke da ciwo. Tafintan majigi ana ganinsa, an san gwamnatin da ta turo shi, dattijo ma na iya yi masa gardama bayan an tashi. Wanda ya tsara wa wayar irin fuskar da za ta kira kyakkyawa yana wata nahiya, bai taɓa taka Kuchigoro ba, kuma 'yan matan da ke duba kansu da ma'auninsa ba su da hanyar tambayarsa dalilin da ya sa ya rage musu baƙi.