Inda ciniki ya gaza: asalin ilimin tattalin arzikin lafiya

Mu da ke nazarin tattalin arzikin lafiya mukan ɗauki watan Disamba na 1963 a matsayin mafarin fanninmu, domin a lokacin ne Kenneth Arrow ya fitar da maƙalarsa a mujallar American Economic Review. Akwai waɗanda suka share masa fage. A 1945 Milton Friedman da Simon Kuznets sun nuna cewa ƙuntata hanyar shiga aikin likita na ƙara wa likitocin Amurka samu, kuma a 1958 Selma Mushkin ta yi ƙoƙarin shata iyakokin fannin. Arrow kuwa tushen matsalar ya tono, wato rashin tabbas. Babu wanda ya san ranar da ciwo zai kwantar da shi, kuma idan ya kwanta, mai sayar masa da magani shi ne kuma mai gaya masa abin da yake buƙata. Mai sayen gero yakan zura hannu cikin buhu ya duba ƙwaya, ya taya, in bai gamsu ba ya yi gaba. Majinyaci ba shi da wannan dama. Don haka Arrow ya ɗauki lasisin likita da ƙa'idojin aikinsa da asibitocin da ba sa neman riba a matsayin dabarun da al'umma ta ƙirƙiro domin amana ta tsaya inda farashi ya kasa.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. A 1968 Mark Pauly ya ce inshora tana rage wa mutum abin da zai biya daga aljihunsa, sai ya nemi jinya fiye da kima. Babban gwajin da cibiyar RAND ta kammala a Amurka a 1982 ya tabbatar da rabin maganarsa: waɗanda aka sa su biya wani kaso na kuɗin jinya sun rage zuwa asibiti. Amma sun rage jinyar da ke da amfani da wadda ba ta da shi baki ɗaya, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi inda jinya take kyauta. Wannan ya koma kan maganar Arrow. Da majinyaci yana iya bambance jinyar dole da ta ganin dama, da ta ganin damar kawai zai bari. Duk gwamnatin da ke son rage ɓarnar kuɗin lafiya, sai ta fara da yadda ake biyan likita da asibiti, domin a hannunsu sani yake.