Daga Aro zuwa Damaturu: Yadda Ilimin Ƙwaƙwalwa Ya Taso a Jami'o'inmu

Mu da muke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a Najeriya, a rarrabe muka gaji fannin. Jami'ar Nsukka ce ta fara ba shi sashe na kansa a 1964, Legas da Ibadan da Jos suka biyo baya. A Arewa kuwa, yawancinmu ta tsangayar ilimi muka shigo, muna koya wa malaman gobe yadda yaro ke ɗaukar karatu. Ita ƙwaƙwalwar kanta sai aka bar wa masu koyar da sassan jiki a makarantun likitanci. Ɗalibinmu kan kammala digiri ya haddace Freud da Piaget, bai taɓa leƙa jijiya a madubin likita ba.

Magabatan fannin ba haka suka yi ba. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Ibadan, Farfesa Benjamin Osuntokun ya bi diddigin wata cuta mai sa tangaɗi da raunin gani da ji, har ya danganta ta da gubar rogon da ba a jiƙa sosai ba. Daga 1992, masu bincike na Ibadan da Indianapolis suka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen Amurka, suka tarar cutar Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan. Dukansu a ƙofar gida suka samo tambayoyinsu, shi ya sa duniya ta saurare su.

Wannan turba ce Dakta Mahmoud Bukar Maina ya bi da ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, inda matasanmu ke koyon binciken ƙwayoyin halitta a Damaturu ba sai sun ƙetare teku ba.

Tambayoyi kuwa ba mu rasa su ba: farfaɗiyar da ake ɗora wa iska, shaye-shayen matasa, firgicin yaran da suka taso a sansanonin gudun hijira. Malamin halayya shi kaɗai ba zai amsa su ba, haka ma masanin jijiya. Ya kamata jami'o'inmu su zaunar da ɗaliban sassan biyu a aji ɗaya tun daga shekarar farko.