Daga Doka ta 4 zuwa sashe na 24: wa ke shata iyakar magana?

Duk sanda aka kama wani kan rubutu a Facebook, sai ka ji ana cewa, "Ai kundin tsarin mulki ya ba shi 'yancin magana." Gaskiya ne, sashe na 39 na kundin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Amma ku ɗan gangara zuwa sashe na 45. A can aka yarda a taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya.

Ni ban ga laifin iyakar ba. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, har ana karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya. A 1994, cikin kwana ɗari, an kashe kimanin mutum 800,000. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, alhali makaminsa makirfo ne. Mu ma a Filato, a watan Yunin 2018, an yaɗa hotunan gawarwaki da ba na rikicin ba ne, suka ƙara rura wutar ramuwar gayya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa mahukuntanmu suka saba karewa da irin waɗannan dokoki? A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 4. An ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya kan labarin naɗin jakadu. Wace ƙabila suka zaga? Babu. Gwamnati ce kawai ta ji kunya.

A 2015 aka kawo dokar laifukan intanet. Sashenta na 24 ya haramta har saƙon da zai ɓata wa wani rai. Ɓacin rai fa! Ko muhawarar 'yan Barcelona da Madrid ai ta cika wannan sharaɗi. Da shi aka yi ta tsare 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. A 2019 kuma Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya gabatar da ƙudurin hana kalaman ƙiyayya mai ɗauke da hukuncin rataya idan kalaman suka jawo kisa. Jama'a suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba.

Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa sashe na 24 ya saɓa wa 'yancin magana, amma sai a Fabrairun 2024 aka gyara shi. An cire batun ɓata rai da zagi, an bar saƙon batsa, da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada zaune tsaye ko jefa rayuwa cikin haɗari. Kamen dai bai tsaya ba, domin har yau ɗan sanda ne ke fara fassara "tada zaune tsaye" kafin magana ta kai gaban alƙali.