Yadda DNA Ya Warware Rikicin Ƙudan Nama

Ka taɓa lura da wani ƙaton ƙuda mai ruwan toka, da jajayen idanu da baƙaƙen layuka uku a bayansa, yana shawagi a mahauta ko kan mushe? Shi ne ƙudan nama. Danginsa, da masana ke kira Sarcophagidae, sun kai kusan nau'i 3,000 a duniya. A ido duk kusan kamarsu ɗaya, kuma wannan kamar ta daɗe tana wahalar da masu binciken kisan kai.

Bari mu koma Faransa. A shekarar 1850 aka tsinci busasshiyar gawar jariri a ɓoye a bayan murhun wani gida. Wani likita na garin Arbois mai suna Bergeret ya duba gawar, ya tarar da kwansunan da tsutsar ƙudan nama ta bari, da kuma tsutsotsin wasu ƙwari. Da su ya yi lissafi ya ce jaririn ya mutu tun 1848, don haka zargi ya tashi daga kan waɗanda ke cikin gidan ya koma kan waɗanda suka zauna kafin su. Ya wallafa rahotonsa a 1855. Yau mun san lissafinsa da kuskure, domin ya ɗauka ƙuda na cin shekara guda kafin ya kammala girma, alhali a lokacin zafi makonni kaɗan ne. Amma dabarar ta zauna: tsutsa agogo ce.

To ina matsalar take? Kowane nau'in ƙuda da saurin girmansa, gwargwadon zafin wuri. In ka ɗauki tsutsar wani nau'i a matsayin ta wani, lissafinka na lokacin mutuwa zai kauce, kuma kaucewar kwana ɗaya ta isa ta wanke mai laifi ko ta jefa marar laifi cikin tuhuma. Ga shi macen ƙudan nama ba ƙwai take sakawa ba, tsutsa take haifa da ranta, wato lissafinta ma daban yake da na koren ƙuda.

Fiye da shekara ɗari, hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a duba al'aurar namijin ƙuda a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin nan ne bambancin ya fi fitowa. Mace kuwa da wuya a rarrabe ta, tsutsa ta fi wuya. Sai dai a kiwata tsutsar da nama har ta zama ƙuda, a yi fatan namiji ya fito. In ta mutu a hanya, shi ke nan.

Sauyi ya fara ne bayan Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar PCR a 1983, wadda ke ninka ɗan guntun DNA zuwa miliyoyin kwafi. A 1994 Felix Sperling da Gail Anderson da abokin aikinsu a Kanada suka nuna ana iya gane nau'in koren ƙuda daga DNA ɗinsa. A 2001 Jeffrey Wells da Thomas Pape da Sperling suka gwada hanyar a kan ƙudan nama. Sai a 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph ya kawo shawarar a riƙa amfani da guntu ɗaya na ƙwayar gado mai suna COI, mai tsawon haruffa kusan 650, a matsayin lambar shaidar kowace dabba. Da ƙafar ƙuda ɗaya ko guntun tsutsa, sai a karanta haruffan, a kwatanta da waɗanda ke ajiye a rumbunan intanet irin su GenBank da BOLD.

Amma kada ka ɗauka an gama. Kwamfuta ba ta iya ba ka sunan ƙudan da ba a taɓa saka shi a rumbu ba, sai dai ta nuna maka mafi kusa da shi. In kuma wanda ya fara saka bayanin ya yi kuskuren suna, kowa zai gaji kuskuren. Ƙudajen Afirka ma ba a tattara su kamar na Turai da Amurka ba. Ka ga kenan har yanzu ana buƙatar mai haƙurin kama namijin ƙuda, ya duba shi a madubi ya tabbatar da sunansa, kafin a karanta DNA ɗinsa.