Tsohuwar Rediyon Kettering da Sirrin Plesetsk

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa kafin zuwan tashoshin FM ya san zaman murɗa rediyo da asuba, ana laluben muryar Landan ko ta Jamus a kan mita 16 ko 19 ko 25, murya tana zuwa tana komawa kamar iska ke kaɗa ta. Wannan hanya da ake kira gajeren zango, wadda sashen Hausa na BBC ya fara biyowa a shekarar 1957, tana da tarihi mai ban mamaki, domin da farko yasasshen fili ce da hukuma ta jefa wa masu wasa da wayoyi don su ba manya wuri.

A farkon ƙarni na 20, samari da yawa a Amurka da Turai sun kamu da son rediyo. Suna naɗa waya da hannunsu, suna kafa eriya a kan rufin gida, suna kwana suna aika wa juna saƙo da haruffan Morse, yawanci a kan tambayoyin da ba su wuce yadda za a ƙara wa na'ura ƙarfi ba. Hayaniyarsu ta dami jiragen ruwa da sojoji. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, majalisar Amurka ta yi dokar da ta tsare su a zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda masana na lokacin suke ganin ba ya kai saƙo nesa. Raina kama ka ga gayya: a ƙarshen Nuwamba na 1923, Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a jihar Connecticut, a kan zangon da bai wuce mita 110 ba, da ƙarfin lantarki kaɗan ƙwarai idan an gwada da na manyan tashoshi. Kamfanin Marconi ma yana nasa gwaje-gwajen a wannan shekara, amma masu sha'awar ne suka nuna a fili cewa gajeren zango yana dukan wani rufi mai lantarki da ke can saman iska, ya dawo ƙasa a wata nahiya.

Saboda haka, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, akwai dubban kunnuwa a shirye. Tauraron, mai nauyin kilo 83 da ɗoriya, yana ƙara a kan megahaz 20 da 40, kuma na farkon yana daidai da mita 15, inda rediyon mai sha'awa ke iya kaiwa. Da gangan aka zaɓi haka. Wata mujallar masu rediyo ta Mosko ta sanar da zangon tun watanni kafin harbawar. Mako uku ya yi yana ƙara kafin batirinsa ya mutu. Galibin masu saurare sun ji, sun yi murna, sun koma harkokinsu. Kaɗan ne suka ci gaba, kuma a cikinsu akwai wani malamin makaranta a garin Kettering na tsakiyar Ingila, garin da aka fi sani da ɗinkin takalma.

Sunansa Geoffrey Perry, an haife shi a 1927, yana koyar da fizik a makarantar sakandaren maza ta garin. Abokin aikinsa Derek Slater, malamin shimi, yana da lasin rediyon masu sha'awa. Kayan aikinsu bai taka kara ya karya ba: wata tsohuwar rediyon Marconi samfurin CR-100, ragowar kayan yaƙin duniya na biyu, da aka saya fam 25, sai doguwar waya da aka ɗaura tsakanin gine-ginen makaranta. A watan Mayu na 1960 suka kama ƙarar kumbon da Turawan Yamma suka kira Sputnik 4. Abin da Perry yake nema tun farko abin koyarwa ne kurum, wato hanyar da zai sa ɗalibai su ji da kunnensu wata ƙa'ida da Christian Doppler, mutumin Ostiriya, ya bayyana a 1842.

Ƙa'idar kowa ya san ta ko bai san sunanta ba. Mutumin da ke tsaye a bakin hanya yana jin ƙarar babbar mota da kaifi idan tana tahowa, da zarar ta gifta sai ƙarar ta yi kauri. Motar ba ta sake murya ba. Gudunta ne yake matse igiyoyin sauti a gabanta, ya sassauta su a bayanta. Haka igiyar rediyo take yi. Tauraron da ke gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, idan ya doso Kettering sai a ji muryarsa ta hau kaɗan, idan ya juya baya ta sauka, kuma lokacin da saukar ta fi sauri shi ne lokacin da ya fi kusa. Yaron da ya riƙe agogo ya rubuta wannan lokaci yau, ya rubuta gobe, ya riga ya samu hanyar lissafa tsawon zagayen tauraron. Daga nan, da alƙalami da haƙuri, ana iya fitar da tsayinsa daga ƙasa.

Haƙurin shi ne jarin wannan ƙungiya. Ɗalibai suna sauraro a lokacin hutun abincin rana, suna cika littattafai da lokuta da irin ƙarar da suka ji. Daga 1962 Sobiyet ta shiga harba taurari masu yawa da suna guda, Kosmos, kowanne da lambarsa, tana cewa duka na binciken kimiyya ne. Kamfanin dillancin labarai na TASS yakan faɗi tsawon zagaye da tsayi da karkatar hanya, amma ba ya faɗin aikin tauraron na gaskiya. Littattafan Kettering suka nuna cewa wani rukuni a cikinsu, masu ƙara a kan megahaz 19.995, suna yin kwana takwas ne su yi shiru. Waɗannan su ne masu ɗaukar hoton leƙen asiri, waɗanda ake sauko da su ƙasa da fim ɗinsu. Yaran sun saba da su har suna gane ranar saukarsu daga sauyin murya.

Ranar 17 ga Maris 1966 aka harba Kosmos 112, sai lissafi ya ƙi zama. Kowane tauraro yana ratsa layin da ya raba duniya biyu da wata karkata, kuma waɗanda ake harbawa daga Baikonur, a Kazakistan, sun saba da digiri 65 ko 52, na Kapustin Yar kuwa wajen 49. Wannan sabon ya zo da digiri 72. Perry ya ɗauki lokutan da aka rubuta, ya bi sawun tauraron da baya, zagaye bayan zagaye, yana cire juyawar da duniya ta yi a ƙarƙashinsa, har ya iso zagayen farko. Layin da ya fito bai bi ta kan Baikonur ba, bai bi ta Kapustin Yar ba. Ya ratsa can arewa mai nisa. A watan Afrilu ya rubuta wa mujallar Flight International wasiƙa cewa akwai wani filin harbawa na uku, ya kuma yi hasashen kudancin tsibirin Novaya Zemlya. Hasashen wurin kuskure ne, kuma dalilin kuskuren darasi ne na aji: layi ɗaya yana nuna hanya, ba ya nuna inda aka tashi a kanta.

Sai da aka jira layi na biyu. A tsakiyar Oktoba aka harba Kosmos 129 da karkatar da ta kusa digiri 65, shi ma zagayensa na farko bai dace da Baikonur ba. Da aka shimfiɗa layukan biyu a kan taswira, suka gicciye a wajen digiri 63 arewa, kudu da birnin Arkhangelsk, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Plesetsk, kimanin kilomita 800 arewa da Mosko. Perry ya bayyana haka a farkon Nuwamba a wani taron ƙungiyar masu nazarin tafiya sararin samaniya ta Birtaniya. Da fari ba wanda ya kula sosai; sai a watan Disamba jaridun Amurka suka ɗauki labarin, ƴan jarida suka yi ta tururuwa zuwa makarantar.

Ana yawan ba da labarin kamar yaran sun riga manyan hukumomin leƙen asiri ne, alhali ba haka ba ne. Amurka ta san da Plesetsk shekaru kafin haka, tun yana sansanin makamai masu linzami da aka fara ginawa a 1957, amma ta yi shiru don kada ta tona hanyoyin da take samun labari. Ƙasashen biyu, duk da gabarsu, sun haɗu a kan ɓoye wa jama'a abu guda. Abin da Kettering ta kawo shi ne hujjar da kowane malamin lissafi zai iya sake bi da hannunsa, ba tare da ya roƙi izinin kowa ba, kuma wannan ya fi tsere da ƴan leƙen asiri daraja. Ita kuwa Sobiyet ba ta amsa cewa filin yana nan ba sai a 1983, shekara goma sha bakwai bayan haka, lokacin da mutanen arewacin ƙasar suka daɗe suna ganin hasken rokoki da dare suna danganta shi ga baƙi daga wata duniya.

Ƙungiyar ta faɗaɗa ta wuce makarantar. Masu sha'awa daga wasu ƙasashe suka shigo, ciki har da Sven Grahn, ɗalibi ɗan Suwidin wanda daga baya ya zama babban injiniya a harkar sararin samaniya ta ƙasarsa. Suna musayar abin da suka ji ta wasiƙa da tarho, kowa daga inda yake. A 1973 Sarauniyar Ingila ta ba Perry lambar girma ta MBE. A Janairun 1978, da tauraron Kosmos 954 mai ɗauke da tukunyar nukiliya ya ɓace wa masu shi ya tarwatse a arewacin Kanada, yana cikin waɗanda ƴan jarida suka fara nema don bayani. Ya bar koyarwa a 1984, ya koma garin Bude a gaɓar tekun Cornwall, inda ya ci gaba da sauraro har rasuwarsa a watan Janairu na 2000.