Tarihin Gasar Tseren Keken BMX Ta Nahiyoyi: Daga Wasan Yara Zuwa Olamfik

A wannan makon za mu leƙa fagen wasanni, mu duba tarihin tseren ƙaramin keken nan da ake kira BMX, da yadda nahiyoyin duniya suka shiga shirya gasarsa.

Wasan ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Yara ne masu sha'awar tseren babur na kan turɓaya, amma ba su da kuɗin babur, ba su kuma kai shekarun hawansa ba. Sai suka riƙa tara ƙasa a filayen unguwa suna yin tudu da kwari, suna tsallakewa da kekunansu. Sunan BMX ma gajarta ce ta Turanci, ma'anarta tseren babur amma da keke.

Keken ƙarami ne, tayarsa inci 20, giyarsa ɗaya. Mutum 8 ke tashi a lokaci guda daga kan tudu, wanda tsayinsa ke kai mita 8 a manyan gasa. Tsawon filin mita 300 zuwa 400 ne, cike da tsalle da kwana, kuma cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka an gama. Wanda ya yi sanyin jiki wajen tashi, da wuya ya cim ma sauran.

Turai na cikin waɗanda suka fara karɓar wasan daga Amurka. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Gerrit Does ya gan shi a can a shekarun 1970, ya kai shi gida, ya dage wajen yaɗa shi. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar BMX ta duniya a 1981. An yi gasar duniya ta farko a 1982 a garin Dayton na jihar Ohayo, ta biyu kuma a 1983 a Slagharen ta Holan. A 1993 wasan ya koma ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI.

Wannan komawa ce ta ba gasar nahiyoyi ƙafar tsayawa, domin UCI tana da rassa biyar: Turai, Amurka, Asiya, Afirka da yankin Ostireliya. Kowane reshe ke da alhakin fitar da zakaransa. Turawa sun riga kowa nisa, saboda ƙasashensu na kusa da juna, kuma garuruwa da dama a Faransa da Holan da Beljiyam suna da filin tsere da kulob na yara. Yaro zai fara a kulob ɗin garinsu, ya hau gasar ƙasa, ya je ta Turai, kafin ya fuskanci duniya. An ga amfanin hakan da wasan ya shiga Olamfik a Beijin a 2008: Maris Strombergs na Latbiya ya ci zinare a ɓangaren maza, Anne-Caroline Chausson ta Faransa ta ci a na mata. A Paris a 2024 kuwa, Faransawa ne suka kwashe zinare da azurfa da tagulla na maza gaba ɗaya.

A nahiyar Amurka, an saka BMX cikin wasannin nahiyar a karon farko a 2007 a Riyo ta Burazil. Mutane sun zaci Amurka ce za ta riƙa cinye komai tunda wasanta ne, sai ga Kolombiya ta ɓullo. Mariana Pajon, 'yar birnin Medelin, ta fara tsere tun tana ƙaramar yarinya, ta ci zinaren Olamfik a 2012 da 2016, ta ƙara da azurfa a Tokyo. An gina fili da sunanta a garinsu, kuma a kansa ta lashe gasar duniya ta 2016 a gaban mutanenta. Asiya ma ta bi sahu, inda aka saka wasan cikin wasannin nahiyar a 2010 a birnin Gwanzu na ƙasar Sin.

To, ina Afirka? Mafi yawan tarihinmu a wannan fage na Afirka ta Kudu ne. Sifiso Nhlapo ya kai tseren ƙarshe a Olamfik na 2008, ya ci tagulla a gasar duniya ta wannan shekara, sannan ya ci azurfa a 2010, lokacin da aka kawo gasar duniya birnin Pietermaritzburg na ƙasarsu. A 2024 Miyanda Maseti ta wakilci ƙasar a ɓangaren mata a Paris. Gasar nahiya tana da matuƙar muhimmanci ga irin waɗannan 'yan wasa, domin tana ba da makin da ake hawa jadawalin duniya da shi, kuma ta fi sauƙin zuwa ga wanda ba shi da kuɗin zagaya Turai duk wata. Matsalar ita ce ƙasashen Afirka masu filin da ya cika ƙa'ida ba su da yawa, don haka masu fafatawar ma kaɗan ne.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai lura da abu guda: inda aka gina fili aka riƙe yara, nan zakaru suka fito. Kolombiya ba ta fi Amurka arziki ba, Latbiya kuma mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Mu ma a unguwanninmu muna ganin yara masu ɗaga tayar gaba da keken haya a bakin titi, cikin haɗarin mota da babur. Da irin wannan wasa yaran Kalifoniya suka fara. Bambancin shi ne su sun samu manya da suka ware musu fili, suka sa musu hular kwano, suka kafa doka. Iyaye da shugabannin unguwa, wannan abin dubawa ne.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya